Jiniya Ta Yi Kuka, To Wa Zai Zo? Kwatancen Na'urorin Tsaron Gida Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Yayana yana da gida a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari a Kano, irin inda za ka ga gida ɗaya an tare, biyu kango, sai fili da aka kewaye da bulo jeri uku. Bara, ana saura kwana biyu Ƙaramar Salla, ya kwashe iyali suka tafi ƙauye. Kafin tafiyar ya sa an ɗaura masa kyamarori huɗu, mai ɗaurawar ya haɗa masa su da wayarsa, ya nuna masa yadda zai riƙa leƙa gidan daga duk inda yake. Daren washegarin Salla, wajen ƙarfe uku saura, wayar ta yi ƙara. Ya buɗe, sai ga samari biyu a tsakar gidansa, sun naɗe fuska da rawani, suna kwance batiran inbata a tsanake kamar waɗanda aka biya kuɗin aiki. Ya kira maƙwabcinsa, waya a kashe. Ya kira ni, ban ga kiran ba sai da aka yi assalatu. Yana cikin kallo hoton ya ɗauke, domin kyamarorin da na'urar intanet ɗin duk a kan waɗannan batiran suke. Da muka haɗu ya ce mini, "Ka ga, ƙanena, da kuɗina na sayi tikitin kallon satar kaina."

Tun daga ranar nake bin wannan harka, na zauna da masu ɗaurawa, na karanta takardun na'urori, na kuma ga gidajen da abin ya yi wa amfani da waɗanda ya zame musu ado. Abin da na fahimta shi ne, aikin na'urar tsaro hawa uku ne: ta ji an shigo, ta sanar, sannan wani ya taso ya zo. Mai shago a Sabon Gari ko Banex ta Abuja zai cika maka kunne da hawan farko, domin shi ne abin da ke cikin kwali. Na biyu ya rataya a kan wuta da sabis, na uku kuwa a kan mutane. A ƙasarmu waɗannan biyun su ne ke yanke hukunci.

Wane ɓarawo kake tsoro?

Ba duka ɓarayi ne ake kora da abu ɗaya ba. Akwai mai haura katanga idan ya tabbatar babu kowa, ko kowa ya yi nisa a barci. Shi janareta yake nema, ko batir, ko injin jan ruwa, ko babur, ko wayar wuta da zai ƙone ya sayar da jan ƙarfen. Wannan ba ya son haske, ba ya son hayaniya. A 2012 masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Charlotte a Amurka sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gidaje, kusan 60 cikin 100 suka ce idan sun ga gida da ƙararrawa sukan nemi wani. Wata gidauniyar masu sana'ar ƙararrawa ce ta ɗauki nauyin binciken, don haka a karanta shi da wannan a rai, amma abin da ya nuna bai saɓa wa abin da muka sani ba: ɓarawon dare gaggawa yake yi.

Sai kuma 'yan fashi masu makami, waɗanda suke zuwa da sanin kana ciki, kai ɗin ma suke nema. A nan jiniya na iya korarsu, tana kuma iya harzuƙa su. Abin da ya fi amfani shi ne a ji su tun suna katanga, a sami minti biyu ko uku na kulle ƙofar ciki, da kuma maɓallin neman agaji wanda ake dannawa ba tare da ya yi ƙara ba. Na uku shi ne ɗan gida, ko wanda ɗan gida ya yi wa jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Shi babu na'urar jin motsi da za ta kama shi, domin ya san lambar kashewa. Maganinsa na'urar da ke ba kowane mutum lambarsa daban, ta kuma rubuta wanda ya kashe ta da lokacin da ya kashe. Idan direba ko mai aiki ya bar gidan, a goge tasa kawai.

Kyamara shaida ce, ba mai gadi ba

Mutanenmu sun fi karkata ga kyamara, ina jin saboda ana ganinta, baƙo ma ya gani ya san maigida ya kashe kuɗi. Amma kyamara tana ba ka labarin abin da ya faru ne, ihu bayan hari. Gaskiya yawancinsu suna aiko da saƙo idan sun ga motsi, sai dai masu arahar ba sa bambance mutum da ganyen darbejiya. Da dare kuma ƙwari na taruwa a gaban fitilarta, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashin, da hunturu ƙura ta riƙa wucewa kamar ana ruwa. Saƙo arba'in a dare ɗaya, cikin mako guda maigida ya kashe sanarwar gaba ɗaya. Sababbin kyamarorin Hikvision da Dahua, da ƙannensu EZVIZ da Imou, akwai masu tantance siffar mutum da ta mota, kuma idan za a saya, irinsu ya kamata a nema.

Ga kuma cin wuta da data. Kyamarori huɗu da akwatin naɗarsu sukan ja wat 30 zuwa 40 dare da rana, wato kusan yunit ɗaya na wuta kowace rana, alhali uwar ƙararrawa, wato babban akwatin da ke karɓar saƙo ya tayar da jiniya, 'yan wat kaɗan take sha. Kyamara ɗaya mai aika hoto a kan megabit 2 tana cin kusan megabait 900 na data a awa guda idan ana kallonta daga nesa. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Shi kuma akwatin naɗa, kada a ɗora shi ƙarƙashin talabijin a falo. Ɓarawon da ya san aikinsa da shi yake fara tafiya.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ni ƙararrawa zan ce ka saya. Kyamara ta biyo baya, ko da biyu ce, ɗaya a ƙofar gida ɗaya a tsakar gida, domin idan jiniya ta tashi ka leƙa ka ga mutum ne ko kyanwa.

Mai waya ko marar waya

Wanda ke gini, bai riga ya yi filasta ba, ya sa a binne masa bututu a ja wayar ƙararrawa zuwa kowace ƙofa da taga. Na'urori masu waya, irin su Paradox da DSC na ƙasar Kanada, tsofaffin hannu ne: babu batirin da za a riƙa canzawa a kowane ɗan ido, wato ƙaramar na'urar da ke jin motsi ko buɗewar ƙofa, babu siginar da wani zai toshe daga waje, kuma ƙarin ido ɗaya ba ya da tsada. Matsalarsu biyu ce. Ɓera a cikin silin ba ya bambance waya da rogo, sannan dogayen wayoyi suna jawo ɓarnar tsawa da damina. Suna kuma buƙatar ma'aikacin da ya iya saitinsu, ba kowane mai wayarin ba. A gidan da aka gama, aka sa tayil da fenti, jan waya yana nufin fasa bango ko a bar ta tana rarrafe a fili.

Marasa waya kuwa gida biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin mai waya da marar waya. Akwai na kwali, masu araha, waɗanda ake sarrafawa da manhajar Tuya ko Smart Life, sunayensu barkatai amma cikinsu kusan ɗaya. Da yawansu suna magana a kan zangon rediyo na 433 MHz, kuma maganar tasu ta hanya ɗaya ce: idon ƙofa yana aika saƙo idan an buɗe, amma uwar ba ta tambayarsa ko yana raye. Batirinsa zai iya mutuwa, ko yaro ya ɓalle shi ya yi mota da shi, kai kana can kana kunna ƙararrawa kowane dare da kwanciyar hankali. Wanda ya zo da na'urar toshe sigina kuma, zai iya rufe musu baki ba tare da uwar ta lura ba.

Gida na biyu su ne irin Ajax, kamfanin Yukren da aka kafa a Kyiv a 2011, da AX Pro ta Hikvision. A nan uwar tana zagaya 'ya'yanta lokaci-lokaci, duk wanda bai amsa ba ta sanar da kai. Saƙonninsu a kulle suke, suna gane ana toshe musu sigina, kuma idan an buɗe murfin ido ko an ciro shi daga bango suna kai ƙara. Akwai idanun da ke ɗaukar 'yan hotuna da zarar sun ji motsi su aiko maka, wanda ga mai ƙarancin data ya fi kyamara sauƙi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da za ka duba a jikin kwali shi ne EN 50131, ƙa'idar Turai mai matakai huɗu. Mataki na 2 shi ne na gidajen zama. Farashin irin su Ajax ya ninka na kwali sau da yawa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa ba zan kawo adadi ba. Abu biyu za ka tabbatar kafin ka biya: a gwada sigina a gidanka da ƙofofi a rufe, domin nisan da aka rubuta a kwali na fili ne, ba na bangon kankare mai rodi da ƙofar ƙarfe ba, sannan ka tambayi inda ake samun batirinsu, yawanci CR123A, wanda ba a kowane kanti ake samun na ƙwarai ba.

Shin na kwali ba su da amfani ke nan? Suna da shi. Ga ɗan haya mai ɗaki biyu, idon ƙofa biyu da jiniya ɗaya sun fi babu. Sai dai ya san abin da ya saya, ya riƙa gwada kowane ido duk Juma'a.

Wata magana a gefe, ga masu 'yan'uwa a ƙasashen waje. Ana yawan aiko da Ring, mallakar Amazon tun 2018, ko SimpliSafe a matsayin tsaraba. Kaya ne masu kyau, amma an gina su ne a kan kuɗin wata-wata da cibiyar sa ido ta can ƙasashen da ake sayar da su. Ma'aikaciyar da ke zaune a Amurka ba za ta turo maka kowa Rijiyar Zaki ba. Idan ɗan'uwa ya nace sai ya taimaka, ya aiko da kuɗin.

Gidan Bahaushe ba gidan Bature ba ne

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori gidan da ke ransu shi ne wanda ake rufewa da ƙarfe takwas na safe kowa ya tafi aiki, da dare kuma kowa ya hau sama ya kwanta. Namu gidan ba ya rabuwa da mutane. Da bazara ana shimfiɗa a tsakar gida, banɗaki na iya kasancewa a waje, wani ya tashi nafila, wata ta tashi ɗora sahur, da asuba maza su fita masallaci. Idan ka cika irin wannan gida da idanun jin motsi, iyalinka za su riƙa kamawa, kuma ba za a yi wata guda ba uwargida za ta ce a kashe abin nan a huta.

Saboda haka tsaron namu daga gefe ya kamata ya fara: katanga, ƙofar gida, ƙofar baya, ɗakin janareta da batir, gareji, sito. Idon maganaɗisu, wato 'yan guntaye biyu da ake mannawa a ƙofa da jikin bango, shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin ƙarya. Idanun motsi a bar su a wuraren da ba a shiga da dare, kamar falon baƙi. A tabbatar na'urar tana da yanayi biyu, na "muna gida" da na "mun fita", kuma a iya raba gidan sassa, ta yadda sashen maigida, na iyali da shagon da ke jikin katanga kowanne zai kunnu daban. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wannan rabon yana kashe rigimar da ba ta shafi ɓarawo ba.

Akwai kuma zafi. Idon motsi ɗumin jiki yake gani yana ratsa wuri mai sanyi. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, bangon ɗaki yana kusantar zafin jikin mutum, wato 37, sai ganin idon ya ragu. Masu kyau suna gyara kansu daidai da zafin ɗaki, wasu kuma suna haɗa ɗumi da wata igiyar rediyo, ba sa kuka sai duka biyun sun yarda. Irin waɗannan ake sawa a gareji da sito mai rufin kwano. Kada a fuskantar da ido ga taga ko labulen da fanka ke kaɗawa. Idon da aka rubuta ba ya kula dabba zai ƙyale kyanwar da ke tafiya a ƙasa, amma tsakar da ta bi ta kan gilashinsa, a wurinsa ƙato ce.

A kan katanga zaɓi biyu ne. Wayar shokin, wadda injinan Nemtek na Afirka ta Kudu suka yi suna a kanta, tana bugu da dubban bolt amma a ɗan ƙyaftawar ido, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, don ta kora ba don ta kashe ba, kuma tana tayar da jiniya idan an yanke ta. Tana son a riƙa sare rassan da ke taɓa ta, tana kuma son sandar ƙasa mai kyau, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a jona da injin, abin da ke wahala da rani idan ƙasa ta bushe ƙayau. Idan katangar ta haɗa ku da maƙwabci, a yi magana da shi tukuna, a rataya alamar gargaɗi. Masu jona wayar katanga kai tsaye da wutar nefa kuwa, tarkon kisa suka ɗana, kuma wanda ya fi faɗawa shi ne yaron da ƙwallonsa ta faɗa ciki. Ɗaya zaɓin shi ne sanduna biyu masu harba wa juna hasken da ido ba ya gani, duk wanda ya gifta a ji. Sun fi kyan gani, amma hazo da ƙura suna dame su, sai an riƙa goge su da hunturu.

Wuta da sabis

Ko gidanka yana rukunin A na masu shan wutar lantarki, waɗanda aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024 bisa alkawarin awa 20 a rana, ka yi lissafi kamar wuta za ta kwana biyu ba ta zo ba. Uwa mai waya tana zuwa da batir mai bolt 12, 7Ah. Zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, don haka wanda ke shekara huɗu a Turai, a ɗakin da ba iska a nan da wuya ya kai biyu. Uwar Ajax mai suna Hub 2, bisa faɗar kamfanin, batirin cikinta na kai awa 16. Ya isa dare ɗaya, bai isa lalacewar taransifoma ba. A jona ta da inbata, amma ita da jiniyar waje kowacce ta kasance da batirin kanta, kada a maimaita kuskuren Yaya na ɗora tsaron batir a kan batirin da za a sace.

Hanyar aika saƙo ma kada ta zama ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da manhajoji suka yi ta tangal-tangal, amma kira da gajeren saƙo na cikin gida suna tafiya. Na'urar da ta dogara da manhaja kaɗai a irin wannan rana bebiya ce. Nemi mai ɗaukar layi biyu na kamfanoni daban, wadda ke iya kira da tura saƙo ko babu data. Layin kuma ya zama da sunanka aka yi masa rajista, an haɗa shi da lambarka ta NIN, ba na mai ɗaurawa ba. Ka riƙa sa masa kati, domin layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba rufe shi ake yi, kuma babu wanda zai gaya maka. Mutanen Zamfara sun ga abin da ya fi haka a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe sabis a jihar baki ɗaya, daga baya aka rufe a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A irin wannan hali babu abin da ya rage sai jiniya da kunnen maƙwabta.

To, wa zai zo?

Hanyoyi uku ne, kuma a nan ne kuɗin wata-wata yake.

Ta farko ita ce ka zama mai sa idon kanka: saƙo ya zo wayarka, kai ka san yadda za ka yi. Ba ka biyan kowa sai kuɗin kati. Amma kana barci, kana shiga jirgi, kana kashe waya a masallaci, cajinka na ƙarewa. Wannan hanya ba ta aiki sai an sa lambobi uku ko huɗu da na'urar za ta kira bi da bi, kuma aƙalla ɗaya ya kasance wanda zai iya isa gidan da ƙafa.

Ta biyu ita ce kamfani mai cibiyar sa ido, inda ma'aikata ke zaune dare da rana. Tsarin daga Amurka da Turai ya zo, inda cibiyar ke kiranka, idan ba ka amsa ba ta kira 'yan sanda. Ko a can abin bai tafi sumul ba. Wani jagora da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar wa 'yan sanda ya ce kashi 94 zuwa 98 na kiran ƙararrawa ƙarya ne. Birnin Salt Lake ya daina tura 'yan sanda tun shekarar 2000 sai an tabbatar da akwai ɓarawo, a Ingila kuma gidan da ya yi kiran ƙarya uku cikin wata 12 ana janye masa amsawa. A Afirka ta Kudu kamfanonin da kansu suke turo mota da masu bindiga. Najeriya ba haka take ba: dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar Sibil Difens ce ke ba su lasisi tana sa musu ido. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarin masu makami, to da jami'an gwamnati ya dogara, sai ya fayyace maka wane ofishi ne, kuma bisa wace yarjejeniya.

Abin da kamfani na ƙwarai ke sayar maka shi ne mutumin da ba ya barci, wanda zai duba hoto ya tabbatar, ya kira mutanenka, ya kira ofishin 'yan sandan yankinku da lambar gaggawa ta 112, ya kuma lura idan na'urarka ta yi shiru ba dalili. Wannan na ƙarshen kai kaɗai ba za ka iya ba. Amma kada ka sa hannu sai ka je cibiyar da ƙafarka, da dare idan sun yarda. Mutum nawa ne a zaune? Da me suke samun wuta? Motarsu a ina take kwana, kuma minti nawa ne daga can zuwa ƙofarka? Na taɓa yi wa wani kamfani wannan tambaya, sai manajan ya ce, "Ranka ya daɗe, cikin minti goma muna wurin." Da na matsa, ashe mota ɗaya gare su, tana kwana a wani gefen gari da ko tsakar dare sai ka yi rabin awa. A takarda kuma ka duba: na'urar taka ce ko haya ce? Idan kun rabu, za su ba ka lambar saitin uwar, ko za su bar ka da akwatin da babu mai iya buɗewa? Sau nawa za su iya ƙara kuɗi a shekara? Ana cajin kiran ƙarya? Na'ura kyauta da kwantiragin shekara uku, idan ka tara kuɗin watannin, sau da yawa ta fi wadda ka saya da kanka tsada. Ni ba zan wuce shekara ɗaya ba a karon farko.

Ta uku ba a rubuta ta a kowane kwali ba, amma ita ce ta fi aiki a yawancin unguwanninmu: maƙwabta da 'yan sintiri. Kusan kowace unguwa tana da kwamitin da ke karɓar kuɗin wata ana biyan masu zagaye da usur da tocila. Su ne mafi kusa. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da na'urar: lambar shugabansu ta shiga jerin waɗanda za a kira, a saya musu waya da kati idan ta kama, mai unguwa da DPO su san da tsarin. A sa jiniyar waje a sama inda hannu ba ya kaiwa, mai fitila mai walƙiya, domin cikin dare ƙara na yaudarar kunne, fitilar ce ke nuna gidan. Raunin wannan hanya a bayyane yake. Sanduna gare su, ba za su tari masu bindiga ba, kuma bai dace a nemi su yi ba. Idan jiniyarka ta yi ƙarya sau uku, a na huɗu babu mai ɗaga kai daga matashi. Sannan a yi yarjejeniya tun farko cewa wanda aka kama hannun hukuma za a kai shi. Mun sha ganin yadda ihun "ɓarawo" ke ƙarewa a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Abu biyu da masu sayarwa ba sa tayarwa

Kyamara a cikin gida ido ne a kan iyalinka. Wanda ya ɗaura ta, idan shi ya buɗe asusun da imel ɗinsa, yana iya kallon tsakar gidanka daga shagonsa. Ka buɗe asusun da kanka, ka canza kalmar sirri yana tsaye, ka cire shi idan ya gama. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗa a duniya, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Ni ban ga dalilin sa kyamara a sashen mata ba, kuma wadda ke kan katanga a karkatar da ita kada ta leƙa gidan maƙwabci.

Na biyu gobara. Mun rufe tagoginmu da ƙarfe, mun sa ƙofofi masu sakata uku, duk don ɓarawo, sai ga shi da hunturu hitar dafa ruwa da aka manta a jone, ko wuta da ta dawo da ƙarfi cikin dare, ta mayar da gidan kurkuku. Idon jin hayaƙi ɗaya a baranda, ɗaya kusa da ɗakin batir, a jone da uwar ƙararrawa, kuɗinsu bai kai na kyamara ɗaya mai kyau ba. A kowane sashe kuma a bar taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗewa daga ciki, mabuɗin a rataye inda kowa ya sani.

Da za a ba ni zaɓi

Ga ɗan haya a cikin gari, inda tari ma maƙwabci ke ji, marar waya mai layin waya, idanun ƙofa da jiniya sun wadatar, ya kwashe abinsa ranar tashi. Ga gidan iyali a unguwa mai cika, kuɗin ya tafi ga katanga da ƙofofi, uwa mai kula da 'ya'yanta, maɓallin agaji a ɗakin maigida da na uwargida, da kuma 'yan sintiri; kamfanin sa ido a nan ƙari ne, ba dole ba. Wanda kuɗin kamfani ya zame wa wajibi shi ne mai gidan da ke zama babu kowa, ko mai yawan tafiya, ko wanda ke bayan gari inda jiniya za ta yi ta kuka ga kangwaye. Shi ma sai motar kamfanin tana kusa. Idan ba ta kusa, maigadi mai maɓallin agaji a aljihu ya fi.

Yaya dai ya bi ta tsakiya. Ya bar kyamarorinsa, ya ƙara uwa marar waya mai layi biyu, ya sa ido a ɗakin batir da ƙofar baya, ya kuma shiga kwamitin unguwa da a da yake aika musu kuɗi ta hannun direba. Bayan an gama, ya sanar da shugaban 'yan sintiri cewa za a yi gwaji cikin makon, bai faɗi ranar ba. Daren Laraba da ƙarfe biyu na buɗe ƙofar baya, muka tsaya da agogo a hannu. Minti 19 kafin mu ga tocila, domin wayar shugaban tana wurin mai caji a bakin titi. Washegari Yaya ya saya musu ƙaramar sola mai wurin caji. A gwaji na biyu minti 6 suka yi, har da wani dattijo maƙwabci da ya fito da taɓarya, yana tambaya ko an kama shi.